Layin da Gajera Ta Ja a Kan Toka

Ku da kuke cewa gadi aikin malalaci ne, a ba mutum tabarma da sanda ya yi ta gyangyaɗi har wata ya ƙare, ban ga laifinku ba. Gadin da kuka tashi kuka gani ke nan. Nawa daban ne. Na yi gadin rumbunan tsimi na En'e, hukumar gargajiya, tun zamanin Turawa. Na fara a Rabah, aka mai da ni Wurno, na ƙare a wani gari da ke tsakanin Goronyo da Taloka. Rumbun tsimi shi ne inda ake tara hatsin da kowane magidanci ya bayar da kaka, a liƙe bakinsa da laka, a buga hatimi, ba a buɗewa sai yunwa ta shigo. Abincin gari guda aka ɗora maka a wuya, kuma ko bindigar toka ba a ba ka ba. Kayan aikina tsintsiya ne, da rariya, da toka, sai kyanwoyi.

Shimfiɗa toka shi ne aikin farko da Kawu Labbo, ƙanin mahaifiyata, ya koya mini a Rabah, lokacin ina sabon aure, ina jin babu abin da ban sani ba. Da la'asar sakaliya za ka share gindin rumbuna tas, ka tsince kowane ɗan kara da tsakuwa. Sai ka ɗebo toka, kuma ba kowace iri ba, ta karan dawa wadda ta kwana biyu da hucewa, don ta itace tana da tsakuwar gawayi, ba ta riƙe sawun ƙaramin abu. Ka zuba a rariya, kana kaɗawa kana ja da baya, har ka fita ƙofar shinge ka rufe. In ka yi daidai, wurin zai kwanta lumui kamar garin tuwo a faifai. Da safe in ka idar da salla, haske ya isa ka ga zanen tafin hannunka, sai ka tsuguna a bakin ƙofa ka karanta. Ɓera yana barin 'yan ɗige-ɗige da zanen wutsiya a tsakiya. Gafiya ta fi shi nauyi, kuma gefen bango take bi. Maciji ba ya ɓoyuwa. Ɓarawo mai wayo yakan ɗaura tsumma a ƙafa, ko ya shigo da baya da baya don ka ɗauka fita ya yi, amma dunduniyarsa tana nutsewa inda bai kamata ba.

Sawun kyanwa ne ya fi yawa, tunda su ke kwana a ciki. Satina na farko ba na ganin komai sai shi. Kawu ya ce mini, "Sawun mussa ba sawu ba na. Ka koya ma idonka shi tsallake shi, in ba haka nan ba, har ka mutu ba ka kama kowa." Mussa dai ita ce kyanwa a bakin mutanenmu. Na koya kuwa. Na ƙware har ta kai in wuri ya cika da sawun kyanwa aka tambaye ni ko akwai sawu, sai in rantse babu, kuma a zuciyata ban yi ƙarya ba.

Rabin aikin ke nan. Ɗaya rabin na raina shi. Duk ranar Juma'a da hantsi Kawu yakan zauna a kan turmi, ya kama kyanwoyin nan ɗaya bayan ɗaya, ya taje gashinsu da ɗan mataji na ƙaho, ya leƙa kunne, ya buɗe baki, ya ɗaga wutsiya ya daɗe yana dubawa. Ni kuwa lokacin nan ne nake tuna ina da saƙo a kasuwa. Wai ni da gemuna ya fara fitowa, in zauna ina leƙen ƙarƙashin wutsiyar kyanwa, mata masu zuwa gulbi suna wucewa? Ya kira ni sau biyu, sau uku, ya ga ba ni da niyya, ya ƙyale ni. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma Lahodu wajen 'ya'yansa, ni kuma na ci gaba da aiki da rabin sani, ina taƙama.

Muguwar shekarar ta same ni a can gefen Goronyo. Ruwan sama ya ɗauke lokacin da gero yake cikin fitar da kai, fari suka zo suka ƙarasa abin da ya rage. Kafin bazara an sayar da awaki, an cinye kaji, gari ya yi tsit yadda ko da rana tsaka kana jin numfashinka. Ba abin da ya dame ni kamar rashin ƙarar daka. Garin da ba a jin taɓarya, ko mutane na yawo a cikinsa, kufai ne. Kowa ya zuba wa rumbunan nan ido, ana jiran Di'o, Baturen mulki, ya zo rangadi ya ce a buɗe. Rumbu tara nake gadi, ɗaya daga ciki gyararriyar shinkafa ce ta mutanen fadama. Kyanwoyina shida, babbarsu wata baƙa mai suna Gajera, wadda tarko ya datse wa wutsiya tun tana ƙarama.

Wata safiya na tsuguna a bakin ƙofa, na ga abin da ban taɓa gani ba. Layi ne a kan toka, faɗinsa yatsa uku, ya taso daga ƙarƙashin rumbun shinkafa, ya miƙe, ya ɗan karkata, ya tafi har kafar ruwa da ke gindin katangar baya. Abu ne aka ja a ƙasa. Amma babu ƙafar wanda ya ja shi. Na duba dama, na duba hagu, na hau kan shinge na duba daga sama. Babu sawun mutum, babu na ɓera, babu na maciji. A cikin layin kuma ga 'yan ƙwayoyi farare-farare, busassu, kamar tsakin shinkafa, ɗaya nan ɗaya can. Na tsince su na ƙulle a gefen rawanina.

Washegari layin ya dawo. Rana ta uku ma haka. Na kwanta rub da ciki na leƙa ƙarƙashin rumbun, wanda ke zaune bisa duwatsu, na ga ɗan rami a gindinsa da bai fi shigar yatsa biyu ba. Nan kaina ya haɗa mini labari tsaf. Wani ne ya huda rumbun, ya ajiye 'yar jaka a ƙarƙashi ɗaure da igiya, shinkafa tana tsiyaya, in ta cika ya janye ta kafar ruwa ba tare da ya taka toka ba. Na ji daɗin wayona ƙwarai. Da Di'o ya zo aka fasa hatimi, aka tarar shinkafar ta sauka da kusan taƙi guda. Yau na san hatsi yana kwantawa da kansa in ya daɗe, ƙwari su ci nasu, ɓera ya ci nasa. A ranar nan kuwa, da mutane tsaye cikinsu ya manne da baya, babu wanda yake son jin zancen ƙwari.

Bayan katangar nan gidan Baba Sanda ne, wani dattijo baduku, shi da matarsa Inna Hajo, ba ɗa ba jika. Da na faɗa wa hukuma labarina, dogarai suka shiga gidan, suka fito da 'yan jakunkunan fata da dogayen igiyoyin fata, kayan da kowane baduku yake da su. Suka kuma sami tafi biyu na shinkafa a cikin tukunya. Inna Hajo ta yi ta rantsuwa ɗan'uwanta ne ya aiko mata daga Kagara, ba wanda ya saurare ta.

A gaban alƙali aka ce in yi bayani.

"Mai gadi," in ji alƙali, "hwaɗa muna abin da kag gani da idonka, ban da abin da kaj ji."

"Allah shi gahwarta Malam, layi nig gani, kwana ukku jere. Daga rumbu yat tashi, kahwar ruwa yan nuhwa."

"Ba sawun komi kusa da shi?"

"Babu, ko ɗaya."

Na kwance gefen rawanina na zube ƙwayoyin nan a gabansa. Baba Sanda ya juyo ya dube ni. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗana, ni da kai kullum muna gaisawa ta bisa katanga. Ka taɓa jin ƙamshin shinkahwa gidana?"

Na ce, "Baba, ni toka nika karantawa."

Aka yanke masa shekara guda a gidan yari a Sakkwato. Da ƙafa aka tafi da shi, da igiya a ƙugu, tsohon da ko kasuwa ba ya zuwa sai da sanda.

Na toshe ramin da laka, na share, na shimfiɗa sabuwar toka, na ce an gama. Kwana uku da tafiyarsa layin ya dawo. Yanzu ma ba daga rumbun shinkafa kaɗai ba, wani lokaci daga tsakiyar fili yake farawa, inda babu komai, ya tafi kafar ruwa. Wata rana biyu, wata rana uku, duk da 'yan ƙwayoyinsu. Magana ta fita gari. Aka ce Sanda ya bar aljaninsa yana yi masa aiki. Wasu suka ce ai ya mutu a hanya, kurwarsa ce ba ta daina jan jakar ba. Mata suka daina zuwa ɗiban wuta gidan Inna Hajo. In ta iso rijiya sai a janye guga a watse, a bar ta ita kaɗai. Da aka zo rabon hatsi, wanda ya auna mata nata a ƙasa ya ajiye ƙwaryar, bai yarda hannunsu ya haɗu ba. Ni kaina na koma shimfiɗa toka tun rana tana sama, ina karanta duk addu'ar da na sani, ba na yarda in juya wa kafar ruwan nan baya.

Ranar da abin ya bayyana, rariyata ce ta ɓalle. Na zauna a inuwar rumbu da hantsi ina ɗinke ta, ban riga na share tokar jiya ba. Gari shiru, ko kukan kurciya babu. Sai na ji wata 'yar ƙara a bayana, shuu, ta tsaya, shuu, ta tsaya, kamar ana jan tsumma a hankali. Da ƙyar na waiwaya.

Gajera ce. Ta zauna daɓas a kan gindinta kamar mutum, ta miƙe ƙafafun baya gaba ta ɗaga su sama, tana jan jikinta da na gaba. Idonta yana cikin nawa, ba ta ƙyafta ba. Haka ta yi ta tafiya a zaune, shuu, shuu, har ta kai kafar ruwa, inda akwai wani dutse mai kaushi, ta goga gindinta a kai, ta miƙe ta yi tafiyarta. A bayanta ga layi, faɗin yatsa uku. A gefensa kuma, dama da hagu, ga sawun ƙafafunta na gaba a jere, raɗau. Kullum suna nan. Idona ne aka koya wa tsallake su.

Na rarrafa na ɗauki ƙwaya ɗaya daga cikin layin. Wannan ba ta bushe ba tukuna, da danshinta. Na ɗora a tafin hannuna ina kallo. Sai ta miƙe, ta yi tsawo, ta dunƙule, ta sake miƙewa, ta fara tafiya zuwa wajen yatsuna. Shinkafar da na zube a gaban alƙali ke nan. Na yi amai a gindin rumbu, alhali babu komai a cikina sai ruwa.

A ranar na sa Gajera a kwando, na rufe da faifai, na ari jaki na nufi Lahodu. Na tarar idon Kawu Labbo ya dushe, amma hannunsa yana nan. Na gaya masa komai, ban rage ba. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ya ce in miƙo ta. Ya matse ta a hammata, ya ɗaga guntuwar wutsiyar, ya ce, "Matso. Abin da kaƙ ƙi dubi shekara goma, yau ka dube shi."

Na duba. Wurin ya yi ja, ga ƙwayoyin nan manne a gashi, wasu busassu, wasu suna motsi. Ya ce tsutsar ciki ce, doguwa mai gaɓa-gaɓa, gaɓoɓinta ne ke ɓallewa suna fitowa, su ke sa ƙaiƙayi, kyanwa kuma ba ta da hannun susa sai ƙasa. Daga cin ɓera take samunta, da haɗiye ƙuma in tana lasar jikinta, shekarar yunwa kuwa ɓera da ƙuma duk rumbu suke tarewa. Ya kama yatsana ya ɗora a gefen duburar, dama da hagu, ya ce in ji wasu 'yan ƙulluttai biyu kamar ƙwayar wake. Su ma in sun toshe sun kumbura, kyanwa tana jan gindi, kuma za ka gane da wari irin na ruɓaɓɓen kifi. Wani lokaci kuma ba ko ɗaya, kashi ne ya bushe ya manne a gashi bayan zawo, ko zaren masaƙa ta haɗiye ya maƙale a hanya, kamar yadda yake yawan samun kyanwoyin Wurno.

Na ce, "Kawu, mi za ni ba ta?"

Ya ce, "Kak ka ba ta komi tukuna. Ita ash shaidarka. In ta warke, wa ka yarda da kai?"

Na koma na faɗi gaban alƙali na ce ƙarya na shaida ba da sanina ba. Ya ce magana ba ta kwance hukunci, sai ya gani. Na share ƙofar zaurensa, na kaɗa toka da rariyata a gaban jama'a, na buɗe kwando. Gajera ta fito, ta zauna a tsakiya, ta shiga lasar ƙafa. Hantsi ya wuce. Mutane suka fara dariya, wani ya ce yunwa ta taɓa kan mai gadi. Inna Hajo tana tsaye can nesa a jikin bango, ba wanda ya tsaya kusa da ita. Aka kira azahar, aka yi salla, aka dawo, kyanwa tana barci. Ban taɓa roƙon Allah a kan wani abu kamar yadda na roƙe shi ya sa wa dabbar nan ƙaiƙayi ba. Can rana ta karkata, ta farka, ta yi miƙa, ta waiga ta ciji gindinta. Sai ta zauna, ta ɗaga ƙafafu, ta ja. Dariya ta ɗauke ɗif. Har ƙarar jan ana ji. Magatakardan alƙali ya sa tsinke ya ɗauko ƙwaya ɗaya ya ɗora a kan allo, suka sunkuya su biyu suna kallo tana motsi. Alƙali ya yi salati, ya ce a kawo tawada.

Takarda ba ta da sauri. Sai an kai wa hakimi, sai Di'o ya dawo daga rangadi ya sa hannu, sai an sami mai zuwa Sakkwato. Wata biyu aka ƙara. Ni na zaci za a kore ni, ba a kore ni ba, don babu wanda ya yarda ya shiga shingen nan ko da an ga kyanwar da ido.

A cikin wata biyun nan na yi jinyar Gajera yadda Kawu ya nuna mini. Ruwa mai ɗumi da tsumma mai laushi safe da yamma, a jiƙa wurin a goge a hankali, a shafa ɗan man kaɗe inda ya ɗaye. 'Ya'yan kabewa a ɓare a daka lukui, a dama da nono, a ba ta kafin ta ci komai, kwana bakwai. A taje ƙuma a kan ƙwaryar ruwa, a ƙone tsohuwar ciyawar da suke kwana a kai. In ƙulluttan nan ne suka cika, a daɗe ana gasawa da tsumma mai ɗumi, sannan a matsa kaɗan-kaɗan, in ya ƙi fita ko ya yi ƙurji a bari, kada a yi ƙarfi. Zare in ya leƙo kada a fizge shi, yana iya yanka hanji. Kuma kada ku kuskura ku ba kyanwa ruwan albasa ko tafarnuwa ko na taba wai maganin tsutsa. Mutanenmu da albasa ta yi musu yawa komai ita suke ɗurawa, na binne kyanwoyin mutane da dama a kan haka. Kabewa tana rage tsutsa ne kawai, ba ta kashe ta duka. Sai daga baya da malamin dabbobi ya fara zuwa Wurno da ƙwayar magani na ga abin da ke fitar da ita gaba ɗaya. Ku da kuke da asibitin dabbobi a kusa, ku ɗaga wutsiya ku duba, ku kai ta can.

An dawo da Baba Sanda bayan ruwan farko, a kan jaki, mutum biyu suna riƙe da shi. Ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, fuskarsa kuwa ta ƙare sai ido. Kwana uku ina zuwa ƙofar gidan ina juyawa. Ran na huɗu na yi sallama. Inna Hajo ta leƙo, ta gan ni, ta koma ciki ba ta amsa ba. Shi ne ya ce in shigo. Yana jingine da bango, kayan dukancinsa a gefe, hannunsa ba ya iya riƙe basilla. Na durƙusa a gabansa. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba kuma ban sake ji ba.

"Baba, ka gahwarce ni."

Ya daɗe yana kallon katangar da ta raba mu.

"An ce mani mussa ta," in ji shi.

"Ita ta, Baba. Tsutsa ag gare ta."

"Ta warke?"

"Ta warke. Safe da marece nika wanke ta, ina duba ta."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Madalla," ya ce. "Ita dai ta samu mai duba ta."

Bai ga kakar shekarar nan ba. Ni na haƙa kabarinsa, don ban sami wani abin da zan yi masa ba.